Ku Tambaya Mu Amsa: Malam, a ina ake samo abin rubutawa kullum?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato yanda mutum zai riƙa rubutu kullum ba tare da kansa ya ƙafe ba, ko dayari ne ko ƙirƙirarren labari. Na zaɓo guda shida, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, sunaye kuma kaman kullum mun ɓoye su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni dai tun ina sakandare nake son rubuta labari, har littafin rubutu na siya mai kyau mai bango mai kauri, amma wallahi yau wata bakwai shafi biyu kawai na cika. Da na zauna sai kaina ya ɗauke wuta, sai in ce bari in jira ilhama ta zo, ita kuma ba ta tashi zuwa sai ina cikin mota ko na kwanta barci. Anya ina da baiwar nan kuwa? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar baiwa mu jingine ta tukuna, dan shafi biyu ba su isa a yanke ma mutum hukunci ba, ni da ke babu wanda zai iya cewa komai yanzu. Abin da na gani a saƙonki shi ne kin ɗora ma kanki sharuɗɗa da yawa, sai ilhama ta sauko, sai a littafi mai kyau, sai jimlar farko ta fito tsaf babu kuskure, to wa zai iya rubutu a haka?

Littafin nan mai bango mai kauri ki adana shi. Mutum yana jin nauyin ɓata abu mai kyau, shi ya sa hannunki yake noƙewa. Ki samo wanda ko kin yaga rabinsa ba zai miki ciwo ba.

Akwai wani marubucin Ingila, Anthony Trollope, da ya rasu a 1882, ma'aikacin gidan waya ne shekara da shekaru, amma ya bar littattafan labari 47. Yanda yake yi shi ne ya tashi da ƙarfe 5:30 na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya wajabta ma kansa kalma 250 a duk minti 15, ya yi awanninsa sannan ya shirya ya tafi aiki. Da ya bayyana haka a tarihin rayuwarsa wasu sun raina shi, suna ganin ya mai da adabi aikin ƙwadago, amma dai littattafan suna nan ana karantawa har yau. Ban ce ki kwaikwayi adadinsa ba, wannan sai shi. Ke minti 10 ya ishe ki. Ki saita agogon waya, ki ɗora biro, sharaɗin guda ɗaya ne: hannu ba ya tsayawa, ba gogewa, ba komawa sama ki karanta. In abin faɗa ya ƙare ki rubuta "ban san me zan ce ba" ki ta maimaitawa har wani abu ya faɗo, kuma zai faɗo. Dalili shi ne ƙirƙira daban gyara daban, in kika haɗa su a zama ɗaya to gyaran ne zai danne, dan shi ya fi saurin baki.

Ilhamar da kika ce tana zuwa a mota kuwa, ai ita ce shaidar cewa kanki ba fanko ba ne. Ƙwaƙwalwa ta fi sakin tunani in ba a tsare ta da ido ba. Ki buɗe wurin rubutu a wayarki nan take ki saka ko kalma huɗu ne, washegari su za ki ɗora a saman shafi ki fara da su. Sannan akwai dabarar da aka san marubucin Amurka Ernest Hemingway da ita, ya tsaya a daidai inda ya san abin da zai biyo baya, ba sai ya tatse kansa ƙarƙaf ba, gobe in ya zauna bakin zaren yana hannunsa.

Kar kuma ki karaya in sati uku ya wuce abin bai zame miki jiki ba. A wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan wanda ya fito a 2009, an bi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da wani sabon abu na kullum, matsakaicin lokacin da ya ɗauke su kwana 66 ne, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. Ba a kan rubutu aka yi binciken ba, amma darasin ya shafe ki.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne, rayuwata daga gida sai ofis sai gida. Na fara rubuta dayari amma kullum magana ɗaya ce, na tashi, na je aiki, na dawo a gajiye. Bayan sati biyu na ga abin ba ma'ana na watsar. Me mutum irina zai rubuta?

AMSA: Ɗan uwa, ranakunka ba iri ɗaya ba ne, taƙaitawar da kake musu ce iri ɗaya. In ka rubuta "na je aiki na dawo a gajiye" ai ka dunƙule awa goma sha a kalma bakwai, dole ta yi kama da ta jiya. Ka bar ba da rahoton rana gaba ɗaya, ka ɗauki minti ɗaya a cikinta ka tsaya a kansa.

Bari in nuna maka. Wani zai rubuta: "Yau na je asibiti, layi ya yi yawa, na sha wahala." Wani kuma a benci ɗaya suka zauna amma shi ga abin da zai rubuta: "Dattijon da ke kusa da ni ya riƙe katinsa da hannu biyu. Duk sunan da aka kira sai ya yunƙura ya miƙe rabi ya koma ya zauna. Da aka zo kan nasa bai motsa ba, sai da ma'aikaciyar ta kira sau uku, ya kalli ƙofar ya ninke katin ya sa a aljihu." Na farkon bayan shekara ko shi mai shi ba zai tuna wace rana ba ce. Na biyun kuwa ko baƙo ya karanta sai ya tambaya me ya hana tsohon nan tashi.

Mai dayarin da ya fi shahara a Ingila, Samuel Pepys, shi ma ma'aikacin gwamnati ne irinka, a ofishin sojan ruwa, ya rubuta nasa daga 1660 zuwa 1669. Da gobara ta cinye tsakiyar Landan a watan Satumba 1666 mutane da yawa sun rubuta yawan gidajen da suka ƙone, shi kuma har da tattabarun da ya gani sun ƙi barin gidajensu suna ta shawagi a tagogi har fukafukan wasu suka ƙone suka faɗo. Yau sama da shekara 350 tattabarun nan ake tunawa. Kuma yawancin shafukan nasa ba gobara ba ce, rigimar ofis ce da lissafin kuɗi da saɓani da matarsa, irin abin da kake cewa ba shi da ma'ana.

In ka rasa ta inda za ka kama, ka tambayi kanka wace magana na ji yau wadda ba da ni ake ba, ka rubuta ta yanda aka faɗe ta sak, kar ka gyara ma mai ita Hausa. Ko me na so in faɗa na haɗiye. Ko wane abu ne a teburina da ya fi komai daɗewa, ya aka yi ya zo nan. Wata rana ka siffanta hannun wani kawai, wata rana ka rubuta ƙarar da kake ji in ka rufe ido. Wadda ni na fi so ita ce ta ƙarya: wa ya yi min 'yar ƙaramar ƙarya yau, kuma me yake karewa da ita? Wannan tambayar kaɗai ta isa ta ciyar da dayari shekara guda, ofis kuwa ai nan ne gidanta.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina rubuta dayari kusan shekara uku kuma akwai abubuwa a ciki da nake ganin za su yi labari mai daɗi, to amma duk na 'yan uwa ne da ƙawaye, ina tsoron su gane kansu zumunci ya lalace. Kuma da na gwada kwafe shi kai tsaye sai na ga bai yi armashi ba. Ya zan yi? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa. Matsalolinki biyu maganinsu ɗaya ne. Abin da ya sa kwafen bai yi armashi ba shi ne dayari yana bin kwanan wata, wannan ya faru sai wannan ya faru, labari kuma yana bin dalili, wannan ya faru saboda wancan. A dayari ke ce a tsakiya kuma kin riga kin san kowa, ba kya buƙatar bayani. A labari dole a samu wani mai son wani abu, da abin da ya tare masa hanya, da abin da zai rasa in bai samu ba. In babu ukun nan to rahoto ne komai kyan Hausarsa.

Mu koma kan dattijon nan na amsar da ta gabata. A dayari iyakarsa kenan, ya ninke kati ya sa a aljihu. Mai labari sai ya fara tambaya, da a ce ya riga ya san abin da likita zai faɗa fa? Da a ce katin ma ba nasa ba ne, na matarsa ne da ta rasu, ya saba kawo ta duk wata ya kasa dainawa? Da a ce ma'aikaciyar da ke kiran suna 'yarsa ce da suka yi shekaru ba sa magana? Kin ga hanya uku daga benci ɗaya, kuma duk wadda kika bi, kafin ki kai shafi na uku tsohon na gaskiya ya ɓace, wani sabo ya tsaya a wurinsa. Haka za ki yi da 'yan uwanki. Ki ɗauki abin da ya taɓa ki, wato zafin ko kunyar ko dariyar, ki bar musu sauran. Canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, dan ana gane mutum ne ta salon maganarsa da sana'arsa da abin da ya faru da shi. Ki canza shekaru, ki canza sana'a, mace ta koma namiji in zai yiwu, ki haɗa halin mutum biyu a jikin mutum ɗaya. Sirrin da aka ba ki amana kuwa, wanda in ya fita zai kashe aure ko ya zubar da mutuncin wani, ni a ganina babu labarin da ya kai wannan daraja, ki bar shi a inda yake.

Ko Anne Frank, yarinyar nan da ta rubuta dayari tana ɓoye a Amsterdam lokacin yaƙin duniya na biyu, ba ta ɗauki rubutun farko a matsayin gamamme ba. An ba ta littafin ne ranar 12 ga Yuni 1942 da ta cika shekara 13. A watan Maris 1944 ta ji wani ministan ƙasarsu a rediyo daga Landan yana cewa bayan yaƙi za a tattara irin waɗannan rubuce-rubucen, sai ta koma ta fara sake rubuta shi a kan warwatsattsun takardu, tana cire wasu wurare tana faɗaɗa wasu, har jerin sunayen bogi ta tsara ma mutanen da suke ɓoye tare. Tana da shekara 14 zuwa 15 ta gane cewa abin da ka rubuta ma kanka da abin da za ka miƙa ma jama'a aiki biyu ne.

TAMBAYA: Malam waya ta fi ko takarda? Abokina ya ce wanda ke rubutu a waya ba marubuci ba ne.

AMSA: Abokinka ya faɗi son ransa ne kawai. Takarda tana rage maka gudu kuma ba ta da saƙon da zai shigo ya ɗauke maka hankali, waya kuma kullum tana aljihu kuma ana iya nemo kalma a cikinta. Wanda zai sa ka rubuta yau shi ya fi. In waya ce ka kashe data kafin ka fara, ka riƙa ajiye kwafi a imel ko wani wuri dan waya tana ɓata tana lalacewa, sannan ka saka allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ tun yanzu, gyara su daga baya a labari mai shafi 200 ba ƙaramin aiki ba ne.

TAMBAYA: Malam an ce rubuta damuwa yana rage ta, ni kuma in na rubuta abin da ke raina sai in tashi da kuka, ranar gaba ɗaya ta lalace. Ga tsoron kar wani a gida ya ɗauka ya karanta. In ci gaba ko in bari? Daga wata baiwar Allah.

AMSA: Allah Ya yaye miki ƙanwata. Kukan da kike yi ba alamar kin yi ba daidai ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka James Pennebaker ya fitar da wani bincike a 1986 inda aka sa ɗalibai rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere, wasu a kan abin da ya taɓa girgiza su, wasu a kan abubuwa na yau da kullum. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yanda suka ji sun tashi ransu a jagule fiye da sauran, amma a watannin da suka biyo baya sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin makaranta. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna amfanin yana nan amma ba mai yawa ba ne, kuma ba kowa yake samu ba, dan haka kar wani ya ce miki magani ne da zai maye gurbin likita.

Ki lura da abu biyu a tsarin nan. Na ɗaya yana da iyaka, minti 15 ne, kwana huɗu ne, ba kullum har abada ba. Na biyu, an lura waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu yake canzawa daga rana zuwa rana, kalmomi irin "saboda" da "na gane" suna ƙaruwa, wato suna ƙulla ma abin ma'ana. In kin duba kin ga jimla ɗaya kike ta maimaitawa wata da watanni, to wannan tufka ce a wuri ɗaya, ki canza hanya. Ki gwada rubuta shi da "ta" maimakon "na", kaman wata ce abin ya faru da ita, ko ki rubuta wasiƙar da ba za ki taɓa aikawa ba. Ki zaɓi lokacin da ba ki da wani aiki mai nauyi a gaba. In kuma abin sabo ne ɗanye, ko ya kai ba kya barci ba kya iya ayyukanki, ki ajiye biron ki nemi likita ko wani babba da kika amince da shi, rubutun zai jira ki.

Maganar masu leƙe kuwa, shi Pepys da na ambata da gajeren rubutu na alamomi ya yi nasa. Ke ba sai kin kai nan ba, fayil mai lambar sirri ya wadatar, ko ki rubuta a takarda ki yaga in kin gama, dan a irin wannan rubutun amfanin yana cikin yin sa ne, ajiyewa ba dole ba ce.

TAMBAYA: Malam ni marubuciya ce a WhatsApp, kullum sai na saki shafi ɗaya in ba haka ba 'yan guruf su dame ni. Yanzu na kai shafi na 60 labarin ya kufce min, ban san inda zan kai shi ba, jan shi kawai nake. Shawara dan Allah.

AMSA: Sannu da ƙoƙari 'yar uwa, shafi 60 ba wasa ba. Amma rubutu kullum daban, saki kullum daban, ke kin haɗe su, shi ya sa ba ki da damar yin kuskure a ɓoye, duk abin da ya fito daga kanki da daddare da safe ya zama doka a labarin, ba halin janyewa. Fitar da labari kashi-kashi tsohon abu ne, Charles Dickens ma haka ya yi ta yi a Ingila, wata-wata ko mako-mako, kuma yana da daɗinsa dan kina jin numfashin masu karatu. Illarsa ita ce wadda kike ciki, masu sharhi su karɓe linzamin, wannan ta ce a kashe wance, waccan ta ce a dawo da wane, ke kuma kina son faranta ma kowa.

Ki sanar da su za ki yi hutun sati ɗaya, za su yi ƙorafi amma ba inda za su. A satin nan ki karanta shafi 60 ɗin a jere da biro a hannu, ki rubuta kowane alƙawari da kika ɗaukar ma mai karatu wanda ba ki cika ba, wasiƙar da aka ɓoye a shafi na 9, baƙon da ya zo sau ɗaya ya ɓace, rantsuwar da jarumar ta yi. Yawanci ƙarshen labari yana kwance a cikin waɗannan, ba sai kin ƙirƙiro sabon hatsarin mota ko sabuwar muguwa ba. Daga nan ki rubuta shafin ƙarshe tun yanzu ko da a gurguje ne, ki lissafa matakan da suka rage tsakaninki da shi, in goma ne to goma ne, kar ki ƙara dan a ce labarinki ya yi tsawo.

In kin dawo ki mai da sakin sau uku a sati, amma ki ci gaba da rubutawa kullum, yanda ko da yaushe akwai shafi biyar a ajiye da ba wanda ya gani sai ke. Labari na gaba kuma kar ki saki shafin farko sai kin rubuta aƙalla kashi ɗaya cikin uku kuma kin san wa zai rage a tsaye a ƙarshe.

Masu tambaya a kan rubutun waƙa da yanda ake tsara hira tsakanin taurarin labari, saƙonninku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.